Tumakin Dutse

Lahadi ta farko ta jiran Nowel
Inna Tabita ta kunna kyandir ɗaya
a kan tsohon gwangwanin madara,
ta ce sauran ukun su bi layi
kamar yadda muke bi a famfon Garin Malam.

Tun watan jiya take zuwa wurin Lawali baduku
can cikin Birni,
tana tsince guntayen fatar da wuƙarsa ta bari:
ja, koriya, da wata baƙa mai warin bagaruwa.
Ko dala bai karɓa ba.
Ya ce, "Ke da kike aiko mana shinkafa ran idinku?
Ɗiba. Allah ya kai mu."

Ƴan jakunkuna ashirin da huɗu ta ɗinka,
kowace ba ta fi tafin yaro ba.
Basilla na shiga, tana fita,
idonta na ruwa don fitila ta yi sanyi.
Ta bakwai ta karkace. Ta bar ta haka.
Ni na tufka igiyar kaba,
muka rataye su daga ƙusar kalanda zuwa taga.

A kowace, dabinon Bilma biyu
da ƴar takarda mai aya ɗaya
wadda Baba ya rubuta da jan alƙalami
kafin motarsa ta kama hanyar Agadas.
Bayan addu'ar dare a kwance ɗaya.
Ɗaya tak. Doka ce.

A kusurwa ga komin dabbobi
da muka gina da yumɓun tabki:
Maryamu mai dogon wuya,
Yusufu, wanda kansa ya faɗi sau biyu muka liƙe da ƙaro,
jaki mai kama da kare,
tauraro daga takardar shayi mai ƙyalli,
makiyaya uku da sandunan tsinke.
Tumaki ne babu. Yumɓu ya ƙare.

Ran sha ɗaya rabon Rifkatu ne.
Ta kwance, ta zazzage a hannu:
tsakuwa biyu,
farare, sumul, irin na gindin duwatsun bayan lakwal.
Ɗaki ya yi tsit.
Yunana, autanmu, ya zuba wa babban yatsan ƙafarsa ido
kamar yau suka fara haɗuwa.

Na jira tsawa.
Inna ta karɓi tsakuwar, ta juya, ta hure,
ta ajiye gaban makiyaya.
"Kun gani? Tumaki sun fara isowa."
Ta ce a karanta ayar. Aka karanta.

Ran sha biyu, tsakuwa.
Sha uku ma haka.
Sha huɗu, guda ɗaya da ƙwallon dabino
an tsotse shi tas.
Garke na ƙiba, Yunana na ramewa,
ko tuwonsa ba ya gamawa,
alhali ba wanda ya ce masa kanzil.

Daren ashirin da uku na farka
na gan shi bisa turmi, ya yi ɗage,
yana cusa wani abu a ta ƙarshe.
Na mai da idona na rufe.

Da kyandir huɗu suka kama,
Inna da kanta ta kwance.
Dabino shida, a cushe har ɗinki ya buɗe baki,
ƙanana, busassu, irin na mai tebur a bakin tasha.
Sai a sannan na tuna
kwana uku ban ji ƙarar motarsa ta gwangwani ba,
wadda ya yi wata guda yana ƙerawa,
mai tayoyin silifa.

Inna ta miƙa wa kowa ɗaya,
ta ƙulle na Baba a bakin zane,
na shidan ta ce a kai wa Lawali da safe.

Tumakin ba ta zubar ba.
Suna nan a kwanon sha ƙarƙashin gadonta,
su bakwai.
Duk shekara mu fito da su, mu share,
kuma ko da tabki ya cika ya bar mana yumɓu,
ba wanda ya taɓa cewa a gina wasu.